Gwiwar Hannun Kurciya

Haƙori ɗaya ne ya tona asirin komai. Na can ciki ne, ya daɗe yana yi wa Anti barazana tana lallaɓa shi da ƙwayar magani da ruwan gishiri, har ranar da ta wayi gari kumatunta ya kumbura kamar ta cusa lemo a baki. Maigidanta, wanda direban bas ne kuma bai iya lallashi ba, ya ce ko dai ta bi shi wurin likitan haƙori da ƙafarta ko ya saɓa ta a kafaɗa. Ta bi shi. Wannan ce rana ta farko da ta yi fashi tun da aka ɗauke ta aikin mataimakiyar aji.

Aikin nata yarinya ɗaya ce tak, 'yar shekara tara. Likitoci sun ce wata lalura ce da suke kira otizim, mutanen unguwa suna cewa galahanga, wasu ma suna faɗin abin da ya fi haka ciwo idan sun ɗauka iyayen ba sa ji. Yarinyar ba ta magana, sai wani sauti da take yi a hankali can cikin maƙogwaro idan hankalinta a kwance yake. Shi ya sa 'yan ajinsu suka laƙaba mata Kurciya, sunan kuma ya bi ta har gida.

Kafin wannan aiki a shagon yadi Anti take, tana auna wa mutane kaya tana haɗiye wulaƙancinsu. A can Shugabar makarantar ta gan ta, ranar da wata mata ta sa ta sauko da rabin shagon sannan ta tafi ba ta sayi ko ƙyalle ba, Anti kuma ta raka ta da murmushi. Shugaba ta ce irin wannan haƙurin take nema. Ranar fara aiki ta kai ta ƙofar aji, ta nuna mata wata yarinya a ƙudundune ƙarƙashin tebur ta toshe kunnuwa, ta ce ta kula da ita, kada ta fita, kada ta ji ciwo. Horon ke nan gaba ɗayansa, kuma a tsaye aka ba da shi.

Anti ta shiga da abin da take da shi, wato haƙuri da hannu biyu. Ta yi makonni tana zama a ƙasa gefen teburin kafin Kurciya ta yarda ta fito. Abinci kuwa ko kallonsa ba ta yi a makaranta, kullum yadda uwarta ta rufe kwanon haka yake komawa. Sai wata rana Anti ta ɗora hannunta a kan na yarinyar, suka kama cokali tare, suka kai baki. Ta ci. Da aka kwana biyu Anti ta koma riƙe wuyan hannu kawai, daga baya ya zama yatsu biyu ne take ɗorawa a gwiwar hannun dama, taɓawa ɗaya, cokali ya tashi. A nan ta tsaya, tunda abin yana aiki. Kuma tunda yana aiki, sai ta yi amfani da shi a komai: ɗaukar fensir, buɗe gorar ruwa, sa takalmi, tashi zuwa banɗaki. Taɓawar tana faruwa ne ƙasa da bakin tebur, inda ido ba ya kaiwa, har ita kanta Anti ta daina lura tana yi. Jama'a dai sun ga yarinyar da a da take ƙarƙashin tebur yanzu tana zaune tana cin abinci. Shugaba har baƙi take kawowa su leƙa ta taga, tana cewa ku dubi abin da makarantarmu ta yi.

Washegarin cire haƙori Anti ta zo da auduga a baki, ta tarar da Malamar ajin tana jiran ta a baranda fuska a murtuke. Ta ce jiya yarinyarki ta ba mu wahala. Tun safe ta zauna a kujerarta ba ta motsa ba. An ba ta fensir ba ta karɓa ba, an buɗe mata kwano ba ta taɓa ba, ruwa ko ɗigo. Malama ta yi mata magana, ta ɗaga murya, ta dafa kafaɗarta, yarinyar ta ƙwala ƙara. Abin da ya ɗaure wa kowa kai, in ji Malama, shi ne yadda ta yini da gwiwar hannunta a ɗage, nesa kaɗan da jikinta, ba ta sauke ba har aka tashi. Gab da tashi kuma fitsari ya ƙwace mata a zaune, ya gangara ƙarƙashin kujerun gaba, yara suka yi ta dariya.

Da Anti ta ji maganar gwiwar hannu, sai ta dubi yatsunta biyu.

Baban Kurciya ya zo kafin a shiga aji. Mai gyaran firji ne, siririn mutum mai magana ƙasa-ƙasa, ya zauna a ofishin Shugaba da hularsa a gwiwa. Da faɗa ya yi, da Anti ta fi jin sauƙi. Ya yi mata sannu da haƙori tukuna, sannan ya ce akwai abin da ya daɗe yana son tambayar ta.

"Malama, da can a gida tana shan ruwa da kanta. Tana cin abinci da hannunta, ko da za ta ɓata jiki. Yanzu sai ta jawo hannun mamanta ta ɗora a nan." Ya nuna gwiwar hannunsa. "In ba a taɓa ba, sai ta kwana da yunwa. Mu mun ɗauka haka kuke koyarwa, shi ya sa ba mu yi magana ba."

Shugaba ta gyara zama ta ce dama tana son su yi wata magana, kuma tunda an haɗu shi ke nan. Zango mai zuwa Kurciya za ta koma aji na gaba. A can mataimakiya ɗaya ce ga yara da yawa, ba mai zaman jiran mutum ɗaya. Ita kuma Anti an riga an ware mata wani ƙaramin yaro da za a kawo. Idan har zuwa ƙarshen wannan zango yarinyar ba ta iya cin abinci da zuwa banɗaki da kanta ba, to makaranta ba za ta iya riƙe ta ba, kuma ita da kanta za ta leƙa wata rana lokacin cin abinci ta gani da idonta. Ta faɗi wannan duka da tattausar murya, tana juya biro a hannu. Uban ya ce, ranki ya daɗe, duk makarantun da ƙafarsa za ta iya kai shi ya je, nan ce kaɗai ta buɗe musu ƙofa. Shugaba ta ce ta sani, Allah ya ba da sa'a.

Anti ta fito ba ta san wa za ta kama da laifi ba. Ba ta ma san sunan abin da ya faru ba, balle maganinsa.

A makon da ya biyo baya aka yi bita. Kowane zango ana yi, kuma kowane zango aikin mataimakan aji a ranar sananne ne. Su ne masu share zauren, su jera kujeru, su goge su, su dafa ruwan shayi, sannan su kwashi yara su fita fili don kada hayaniya ta dami masu neman ilimi. Bitar kan yara irin su Kurciya ake yi, amma waɗanda suke yini da yaran a jikinsu, waɗanda ake ciza, ake yaƙushi, ake yi wa amai a zani, ba su da kujera a ciki. Anti ta sha roƙon a bar ta ta zauna ko a bayan ƙofa ne. Amsar ba ta canzawa: wa zai duba yara?

Ranar ita aka aika da tiren shayi. Ta shiga a hankali, ta fara zubawa daga layin baya. Mai ba da horon wata mata ce mai tabarau, mai saurin magana, tana tsaye gefen hoton da aka haska a bango, hoton hannun babba a kan hannun yaro.

"Wannan darasi na farko ne, na san duk kun san shi," in ji matar. "Kafin ki ɗora hannunki a kan na yaro, ki san yadda za ki janye shi. Taimakon da ba a janye ba ɗauri ne. Yaron ba cin abinci ya koya ba, jiran hannunki ya koya. Mu wuce gaba."

Aka wuce gaba. Wani malami yana danna waya a ƙarƙashin tebur, wata tana gyangyaɗi. Malamar ajinsu, wadda ba ta taɓa riƙe hannun Kurciya ba, tana gyaɗa kai irin na wadda ta daɗe da sani. Anti ta tsaya da buta a hannu har shayi ya cika kofi ya malala a kan tire. Shekara biyu tana jera kujerun da ake zama a faɗi wannan magana, tana goge su da hannun da take ɗaure yarinyar da shi. Abin yana nan a bayan ƙofar da take rufowa da kanta, kuma ko minti ɗaya bai ci ba wajen faɗa. Shugaba ta yi mata alama da ido cewa ta fita, ta fita.

Ba ta koma fili ba. Ta je ta tsaya jikin motar matar a rana har aka tashi. Da matar ta fito, Anti ta tare ta da gaisuwa a gurguje, ta zayyane mata komai, bakinta har yana harɗewa. Matar ta saurara da jaka a kafaɗa, kuma ba ta raina ta ba, wannan kam dole a faɗa. Ta ce a janye da kaɗan-kaɗan. Daga gwiwar hannu a koma taɓa hannun riga, daga nan a kai yatsa kusa ba tare da an taɓa ba, daga nan a nuna abin daga nesa, daga nan a matsar da kujera baya. Kuma a jira, a jira fiye da yadda zuciya za ta iya ɗauka. Ta ce yarinyar za ta yi kuka, za ta yi fushi, abin zai yi kamar ya lalace kafin ya gyaru, kuma a gaya wa iyaye su yi haka a gida. Ta buɗe ƙofar mota, sai ta juyo da mamaki na gaskiya a fuskarta.

"Wai ba a gaya miki ba?"

Wannan tambayar ce ta ƙarasa Anti. Ta yi godiya, ta juya, ta nufi ofishin Shugaba ba ta ko tsaya neman izini ba.

Shugaba tana cire takalmi tana miƙe ƙafa. Anti ta ce, ranki ya daɗe, tana da magana, kuma a tsaye za ta yi ta tunda a tsaye aka saba ba ta komai.

"Kin ce in kula da ita, na kula. Na kula da ita har ta kasa shan ruwa a gidan ubanta. Abin da matar nan ta faɗa yau, ta faɗe shi bara, ta faɗe shi bara waccan, ni ina waje ina tsare muku yara. Waɗanda suka ji ba su taɓa yarinyar ba, ni da nake taɓa ta ban ji ba. Yanzu kuma ita za a kora. Ita me ta yi?"

Shugaba ta ce ta sassauta murya. Ta ce kujerun bita na masu takardar koyarwa ne, ba ita ta tsara haka ba, kuma ai Malama za ta iya yi mata bayanin abin da aka koya. Anti ta ce a shekara biyu ko sau ɗaya Malama ba ta yi ba, kuma ba ta ga laifinta ba, mai yara talatin a gaba ina ta ga lokacin ba da labarin bita. Shugaba ta ce za a duba. Anti ta san wannan kalma, tun a shagon yadi ta san ta, ita ce ake faɗa wa mai ciniki idan ana so ya tafi. Ta fita ta ja ƙofar da ƙarfin da ya fi na ladabi.

Da safe ta fara. Ta ajiye fensir gaban Kurciya, yarinyar ta ɗaga gwiwar hannu, Anti ta taɓa hannun riga maimakon fata. Kurciya ta jira. Ta ƙara ɗagawa, ta matso da ita har tana gogar Anti. Da ta ga abin da take nema bai zo ba, sautin maƙogwaronta ya canza ya zama wani gurnani mai tashi, sannan ta kai wuyan hannunta baki ta gartsa wa kanta cizo. Anti ta ji cizon har cikin kanta. Yatsun nan biyu suka tafi da kansu, sai da ta kamo su da ɗaya hannun. Daga ranar ta koyi zama a kan hannayenta, ta tura su ƙarƙashin cinya ta danne, in ba haka ba ba ta da iko da su.

Makonnin da suka biyo baya ba su da daɗin ba da labari. Kurciya ta koma ƙarƙashin tebur sau da yawa. Ta watsar da kwano, ta fasa gora, ta daina yin sautin da ya ba ta suna. Malama ta ce ita fa ba za ta iya koyarwa a cikin wannan ihu ba, da can ana zaune lafiya, me ya kawo wannan sabon salo? Anti ta ce salon da aka koya wa ita Malamar ne a bita, ranar da take gyaɗa kai. Ba su ƙara gaisawa da kyau ba sai da aka daɗe. Uwar Kurciya ta zo da kanta wata rana da jajayen idanu, ta ce yarinya tana ramewa, ita uwa ce, ba za ta iya kallon 'yarta da kwano a gaba tana jin yunwa ba. Anti ta ce ba yunwa za a bar ta da ita ba, idan an jira an jira bai yiwu ba a taɓa rigar, amma rigar kawai, kuma a jira tukuna. Tana faɗa tana jin kunyar kanta, ita da ta kawo matsalar ita ce kuma take koya wa uwa haƙuri.

A gida ma ba ta da daɗin zama. Ta yi wa 'ya'yanta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta ƙona tukunya. Wata rana da yamma ta ajiye wa maigidan abinci, shi kuwa da ya ga kwana biyu fuskarta ba annuri, sai ya ce bari ya ba ta dariya. Ya naɗe hannu ya ɗaga gwiwar hannunsa, ya ce Malama a taimaka a taɓa, almajirinki yana jin yunwa. Ludayin da ke hannunta bai same shi ba, amma ya ji iskarsa. Ta shige ɗaki ta yi kukan da ta daɗe tana dannewa, shi kuma ya zauna a bakin ƙofa yana ba da haƙuri, yana rantsuwa cewa bakinsa ne ba shi da birki.

A hankali abin ya fara sakin jiki. Fensir ne ya fara zuwa. Wata safiya Anti ta nuna shi da yatsa kawai, Kurciya ta harare shi kamar ya yi mata laifi, ta ɗauka. Gora ta biyo baya. Banɗaki ya ɗauki lokaci, amma aka kai inda Anti za ta dubi ƙofa kawai yarinyar ta tashi, har wata rana ta tashi ba a dubi ko'ina ba, Anti ta bi ta a baya. Cokali ne kaɗai ya ƙi. A wurinsa aka fara ɗaurin, a wurinsa kuma ya fi tauri. An kai har matakin kai yatsa kusa da riga, amma da zarar Anti ta ja kujerarta baya, sai gwiwar hannu ta tashi ta tsaya a sama, abinci ya huce a kwano.

Haka aka shiga makon ƙarshe na zango. Ranar da Shugaba ta zaɓa ta zo, kuma Shugabar ba ita kaɗai ta zo ba. Ta taho da wata budurwa mai fara'a, sabuwar mataimakiyar da aka ɗauka wa aji na gaba, wai ta fara ganin yadda aiki yake. Anti tana jin su a ƙofa. Shugaba ta nuna Kurciya ta ce wa budurwar, idan wannan ta zauna tana cikin naki, ki kula da ita, kada ta fita, kada ta ji ciwo. Ko kalma ɗaya ba ta canza ba. Anti ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini.

Aka buga ƙararrawar cin abinci. Yara suka buɗe kwanuka, aji ya cika da ƙarar cokula. Anti ta ajiye kwanon Kurciya ta buɗe, ta sa cokali a gefe, ta ja kujerarta baya kaɗan. Sabuwar ta jawo wata kujera ta zauna kusa da ita. Shugaba ta jingina da ƙofa tana duba agogon hannunta.

Gwiwar hannu ta tashi.

Anti ta san abin da za ta iya yi. Daga inda Shugaba take tsaye ba a ganin ƙasan tebur. Za ta iya sunkuyawa kamar za ta gyara jakar yarinyar, yatsu biyu, taɓawa ɗaya, shi ke nan. Shekara biyu tana yi ba wanda ya gani, yau ma ba mai gani. Kurciya za ta ci, Shugaba za ta yi murmushi, mai gyaran firji zai yi barci yau. Sannan zango mai zuwa yarinyar ta zauna a sabon aji da hannu a ɗage tana jiran wadda ba za ta zo ba, har fitsari ya sake gangarawa ƙarƙashin kujeru. Anti ta ji haushin duniya ya taru mata a ƙirji, haushin an kawo ta inda ko ƙarya ce za ta ceci yarinyar na kwana kaɗan, ko gaskiya ta kore ta yau. Ta tura hannayenta ƙarƙashin cinya ta danne.

Lokaci yana tafiya. Masu saurin ci har sun fara rufe kwano. Kurciya ta fara gurnanin nan, tana lilo gaba da baya, idonta a kan cokali. Sabuwar, mai tausayi ce baiwar Allah, ta kasa jurewa. Ta ce a hankali, wayyo, yunwa take ji, ta miƙa hannu za ta ɗauki cokalin ta ba ta a baki. Anti ba ta san lokacin da ta zaro hannu ta damƙe wuyan hannunta ba.

"Ƙanwata, zauna. Kada ki taɓa ta."

"Anti, ai ba ta iya ba ne."

"Ta iya. Ni na hana ta."

Wayar Shugaba ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta juya baya, ta taka zuwa baranda tana magana.

A lokacin ne Kurciya ta daina lilo. Ta juyo ta dubi wajen Anti, ba fuskarta ba, hannun da ke riƙe da sabuwar. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗago hannunta na hagu a hankali, ta ware yatsu biyu, ta kai su kan gwiwar hannunta ta dama, daidai wurin, ta taɓa sau ɗaya. Hannun dama ya sauka ya ɗauki cokali. Rabin abincin ya zube a hanya, rabi ya isa baki. Ta tauna. Ta sake taɓa kanta, ta sake ɗauka. A loma ta uku ko ta huɗu ta manta da taɓawar, sautin nan na maƙogwaro ya dawo.

Anti ta so ta ƙwala kira, amma ta san ƙara ɗaya za ta iya mayar da yarinyar ƙarƙashin tebur. Ta so ta tashi, amma motsin kujera ma zai iya ɓata komai. Hawaye suna zuba ta kasa sharewa, ga yarinya tana ci, ga wadda ya kamata ta gani ta ba su ƙeya tana dariya a waya. Sabuwar ce ta zare hannunta a hankali, da shatin farcen Anti a jikinsa, ta cire takalmi ta lallaɓa zuwa baranda, ta jawo Shugaba ta juyo da ita.

Shugaba ta tsaya a ƙofa da waya a kunne tana kallo. Ta ce wa na cikin wayar za ta sake kira. Ta kalli loma biyu, uku, ta gyaɗa kai, ta ce a gaya wa babanta ya kwantar da hankalinsa, yarinya tana nan. Anti ta ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarta wanda ba ta san girmansa ba sai yanzu. Shugaba ta tako har inda take, ta dafa ta da fara'a, ta rage murya don kada ta dami mai cin abinci.

"Kin gani ko? Duk ɗaga hankalin da kika yi. Ashe ba sai da bita ba."

Kurciya tana kan ci, saura kusan rabin kwano, kuma ba abin da ya isa ya katse ta yau. Anti ta dubi Shugaba, ta dubi shatin farce a hannun sabuwar da ko awa uku ba ta yi da fara aiki ba. Ta mayar da hannayenta biyu ƙarƙashin cinya ta danne da duk ƙarfinta, wannan karon ba don Kurciya ba.